Laka da Agogo: Yadda Injiniyoyi Suka Gano Cewa Ƙasa Tana Jin Sauri

Da aka ƙare Yaƙin Duniya na Biyu, masu kula da mashigin ruwan Panama sun wayi gari da wata fargaba sabuwa a kan tsohuwa. Tsohuwar ita ce zaftarewar ƙasa. Tun ana haƙa mashigin, gangaren da aka yanka a tsaunin Culebra bai taɓa zama lafiya ba, kuma shekara guda bayan buɗe shi a 1914 ƙasa ta sulalo ta toshe hanyar jiragen ruwa har kusan wata bakwai. Sabuwar fargabar kuwa bam ce. Duniya ta ga abin da ya sami Hiroshima da Nagasaki a 1945, don haka Amurkawa suka so su san abin da zai faru da waɗancan gangaren idan wani abu mai ƙarfi ya fashe kusa da su. Ƙasar da ke sulalowa da kanta cikin watanni, me za ta yi in an doke ta cikin ƙiftawar ido?

Aka kai tambayar Jami'ar Harvard, wurin Arthur Casagrande, injiniya haifaffen daular Ostiriya wanda ya yi aiki tare da Karl Terzaghi, mutumin da littafinsa na 1925 ya kafa ilimin halayyar ƙasa a matsayin fanni mai zaman kansa. Casagrande da abokin aikinsa William Shannon suka ƙera na'urori na musamman, ɗaya mai lilo da ke dukan samfurin ƙasa, ɗaya mai sandar ƙarfe da ke faɗowa a kansa, ɗaya mai aiki da matsin ruwa. Manufarsu su murƙushe dunƙulen laka cikin ɗan yankin sakan, sannan su kwatanta da gwajin da aka saba yi, wanda kan ɗauki wajen minti goma. Sakamakon da suka wallafa a 1948 ya nuna cewa lakar da aka doka da sauri tana jure abin da ya kai ninki ɗaya da rabi zuwa biyu na abin da take jurewa a gwajin hankali. Yashi kuwa bai damu sosai ba, ƙarin da ya yi bai wuce wajen kashi 10 cikin 100 ba. Shekaru uku bayan haka Casagrande da Stanley Wilson suka juya tambayar ta ɗaya fuskar, suka ɗora wa laka nauyin da bai kai ya karya ta nan take ba, suka bar shi a kanta kwanaki da makonni, sai ga wasu samfuran sun sare a ƙarƙashin nauyin da gwajin yau da kullum ya ce sun fi ƙarfinsa.

Wannan ba baƙon labari ba ne ga wanda ya taɓa ratsa fadama da damina. Mai sauri yakan tsallake taɓon da zai haɗiye ƙafar mai tsayawa. Matan da ke dama koko ma sun san gasara: ka damƙe ta da ƙarfi ta yi tauri a hannu, ka sassauta ta zube tsakanin yatsu. Laka ba gasara ba ce, kuma abin da ke faruwa a cikinta bai kai haka tsanani ba, amma dangantakar tana nan. Abin da ya ci wa injiniyoyi fiye da shekaru hamsin shi ne auna girman wannan abu, da raba shi da wasu abubuwan da ke kama da shi.

Ƙarfi daban, tauri daban

Akwai kalmomi biyu da hirar yau da kullum ke haɗawa amma injiniya ke rabawa. Ƙarfin ƙasa shi ne iyakar abin da za ta ɗauka kafin ta sare. Taurinta kuwa shi ne yawan turjiyar da take yi wa ɗan motsi tun kafin a je kusa da sarewa. Igiyar roba tana da ƙarfi ba tauri, tangaran yana da tauri amma yana fashewa da wuri. Masu tsoron bam ƙarfi ya dame su. Masu tsoron girgizar ƙasa kuwa tauri ne babbar damuwarsu, domin shi ke yanke saurin da girgiza za ta ratsa ƙasa da kuma irin rawar da ƙasar za ta yi.

Irin motsin ma yana da muhimmanci. A ɗauki littafi mai kauri a ajiye a tebur, a ɗora tafin hannu a bangonsa na sama a tura gefe. Shafukan za su goce a kan juna, littafin ya karkata ba tare da kaurinsa ya ragu ba. Wannan gocewar ita ce abin da girgizar ƙasa ke yi wa shimfiɗun ƙasar da ke ƙarƙashin gari, sai dai tana yi ne kai da komo, dama da hagu, sau goma ko ashirin ko fiye. Ana auna girman karkatar da kaso: idan ƙasa mai kaurin mita 1 ta goce da milimita 1 a samanta, karkatarta ta kai kashi 0.1 cikin 100. A riƙe wannan adadi, domin a tsakanin kashi 0.0001 da kashi 1 cikin 100 ne dukan rigimar ta gudana.

Japanawa ne suka fara neman wannan tauri da gaske, kuma dalilinsu a fili yake. Girgizar Kanto ta 1923 ta hallaka mutane fiye da dubu ɗari a Tokiyo da Yokohama, kuma a 1925 aka kafa cibiyar binciken girgizar ƙasa a Jami'ar Tokiyo. A can ne Mishio Ishimoto da Kumizi Iida, a shekarun 1930, suka ɓullo da dabarar da har yau ake amfani da ita. Ana tsayar da samfurin ƙasa kamar ƙaramin ginshiƙi, a riƙa kaɗa shi ana ƙara saurin kaɗawar sannu a hankali, har a iso wurin da ya fi yin rawa. Kamar dai tsirkiyar garaya ce: yadda aka ɗaure ta da tauri, haka muryarta ke tashi. Daga saurin da ginshiƙin ya fi amsawa sai a lissafo taurinsa. Dabarar ta yi kwanciyar shekaru kafin Amurkawa su farfaɗo da ita a farkon shekarun 1960, musamman Frank Richart da ɗalibinsa Bobby Hardin, waɗanda abin da ya dame su a lokacin shi ne harsashin manyan injuna masu jijjiga.

A nan aka shuka matsalar da za ta tsiro daga baya. Ginshiƙin ƙasa ɗan ƙarami yana rawa ne sau gomomi, wani lokaci fiye da sau ɗari, a sakan guda. Girgizar ƙasa kuwa tana kaɗa gari kamar sau ɗaya zuwa 'yan kaɗan a sakan. Igiyar teku mai dukan ginin haƙar mai tana zuwa sau ɗaya a sakan goma ko fiye. Idan laka tana jin sauri kamar yadda Casagrande ya nuna, to ashe na'urar tana tambayarta da wani harshe, duniya kuma tana tambayarta da wani.

Shekarar 1964

Abubuwa biyu suka faru wata uku tsakani da suka mai da wannan fanni daga sha'awar ɗakin gwaji zuwa lamarin rai da mutuwa. Ranar 27 ga Maris babbar girgiza ta afka wa Alaska, unguwar Turnagain a Anchorage ta tsattsage ta sulala zuwa teku. Ranar 16 ga Yuni kuma aka yi ta Niigata a Japan, inda benayen kwana na Kawagishi-cho suka kishingiɗa a ƙasa ba tare da bangonsu ya rushe ba. Yashin da ke ƙarƙashinsu ne ya koma ruwa-ruwa na ɗan lokaci.

Niigata ta bayyana wata fuskar sauri wadda ba ta da alaƙa da danƙon laka. Yashi jiƙaƙƙe yana da ruwa a kafofinsa. In aka ɗora masa nauyi a hankali, kamar yadda ake gina bene hawa bayan hawa, ƙwayoyinsa sukan matsu, ruwan ya sami lokacin ficewa, yashin ya ƙara zama daram. In kuwa aka kaɗa shi kai da komo cikin sakanni, ƙwayoyin suna son matsuwa amma ruwan bai sami hanyar gudu ba, sai matsin ruwan ya yi ta hawa da kowane zagaye har ya ɗauke nauyin da ƙwayoyin ke ɗora wa juna. Daga nan yashi ba shi da sauran tauri. To ga abin mamaki: sauri yana ƙara wa laka tauri ta hanyar danƙonta, yana kuma iya kwashe wa sakakken yashi tauri ta hanyar kulle ruwansa. Duk mai cewa a taƙaice “sauri yana ƙarfafa ƙasa” ya faɗi rabin zance ne.

A Berkeley, Harry Bolton Seed da ɗalibansa suka kama wannan aiki. Shi da Kenneth Lee sun nuna narkewar yashi a ɗakin gwaji a 1966, a 1970 kuma shi da Izzat Idriss suka fitar da jadawalan da suka zama abin dogaron injiniyoyi na tsawon zamani. Jadawalan suna nuna yadda taurin ƙasa ke raguwa yayin da girman karkata ke ƙaruwa, da kuma yadda ƙasar ke ƙara shanye ƙarfin girgiza tana mai da shi zafi. Hardin da Vincent Drnevich suka ba da nasu lissafin a 1972, a wannan shekarar kuma aka fitar da manhajar kwamfuta mai suna SHAKE, wadda ke ɗaukar girgizar da aka auna a kan dutse ta lissafa yadda za ta zama bayan ta ratso shimfiɗun ƙasa zuwa sama.

A cikin wannan tsari babu gurbin sauri ko kaɗan. An ɗauka cewa taurin ƙasa ya dogara ne ga girman karkata kawai, ko an yi ta cikin sakan ɗaya ko cikin sakan ɗari. Ba jahilci ya kawo haka ba, su Seed sun san aikin Casagrande sarai. Zaɓi ne na mai aiki da ke da tashoshin nukiliya da madatsun ruwa a gabansa, wanda ya ga cewa girman karkata yana iya rage tauri ninki goma, sauri kuwa yana taɓa shi da 'yan kaso. A ganina zaɓin ya dace da zamaninsa. Illarsa ita ce abin da aka ajiye gefe don sauƙin aiki yakan koma abin da na baya suka manta yana nan.

Gardamar ɗakuna biyu

Shekaru da dama fannin ya rabu gida biyu. Masu lissafin nutsewar gine-gine suna matsa samfurinsu a hankali, su sami tauri ƙarami. Masu nazarin girgiza suna kaɗa nasu ko su aika sauti ta cikin ƙasa a fili, su sami tauri babba, sau da yawa ninki biyar ko goma na waɗancan, daga ƙasa iri ɗaya. Sai aka raɗa wa abubuwan suna biyu, taurin zaune da taurin motsi, aka kuma zauna a kan cewa sauri ne ya raba su. Bayani ne mai daɗin ji, ga shi kuma yana da gwajin Harvard a bayansa.

Amma a yi lissafi kaɗan. Daga minti goma zuwa kashi biyu cikin ɗari na sakan, sauri ya ninka sau dubu talatin, abin da ya samar wa Casagrande bai wuce ninki biyu ba. Ta ina ninki goma zai fito? Amsar ta zo ne daga Landan da Tokiyo a shekarun 1980. A Kwalejin Imperial, John Burland da Richard Jardine da abokansu suka daina auna motsin samfuri daga wajen na'ura, suka manna 'yan ƙananan ma'aunai a jikin ƙasar kanta. Sai ta bayyana cewa tsohon gwajin yana haɗa motsin ƙasa da lanƙwasar ƙarfen na'ura da rashin daidaiton bakin samfuri, kuma ba ya ganin komai sai karkata ta riga ta yi girma. A Jami'ar Tokiyo, Fumio Tatsuoka da ɗalibansa suka kai awon ƙasa da kashi 0.001 cikin 100, suka tarar cewa a can taurin da ake samu a gwajin hankali yana kusan daidai da wanda ake samu ta kaɗawa. Ashe ɗakunan biyu ba sauri ne ya fi raba su ba. Ɗaya yana kallon ƙasa ne tana ɗan motsin da ido ba ya gani, ɗayan yana kallonta bayan ta riga ta fara gajiya.

Wannan ganowa ta kwace wa sauri yawancin sarautar da aka ba shi. Amma ba ta kore shi ba, sai ma ta share fage aka iya ganin ainihin rabonsa. A Jami'ar Texas da ke Austin, Kenneth Stokoe ya haɗa gwaji biyu a na'ura ɗaya, ta yadda za a kaɗa samfuri guda da sauri sannan a murɗa shi a hankali ba tare da an cire shi ba. Tun a 1981 shi da William Isenhower suka nuna cewa taurin lakar gaɓar San Francisco yana hawa da saurin murɗawa. Wannan lakar ce, shekaru takwas bayan haka, ta ninka girgizar Loma Prieta a ƙarƙashin gadar Cypress mai hawa biyu a Oakland, inda mutane 42 suka mutu.

Tafkin da aka binne

Babu inda laka ta koyar da darasi mai tsada kamar birnin Meziko. Aztek sun kafa Tenochtitlan a 1325 a kan tsibiri cikin tafkin Texcoco. Sifaniyawa suka ci birnin a 1521, daga farkon ƙarni na 17 kuma suka shiga aikin janye ruwan tafkin saboda ambaliya, aikin da ya ci gaba har ƙarni na 20. Abin da ruwan ya bari a baya laka ce da ba ta da tamka: tokar duwatsu masu aman wuta gauraye da ɓawon ƙananan halittun ruwa, mai riƙe ruwan da nauyinsa kan ninka nauyin ƙwayoyinta sau uku ko huɗu. A kanta aka gina tsakiyar ɗaya daga cikin manyan biranen duniya.

Da safiyar 19 ga Satumba 1985, jim kaɗan bayan ƙarfe bakwai, ƙasa ta tsage a gaɓar Michoacán, fiye da kilomita 300 daga birnin. Nisan ya isa ya raunana girgizar, kuma haka aka gani a harabar babbar jami'ar ƙasar da ke kan dutse, inda ma'auni ya nuna fizgar da ba ta kai kashi 4 cikin 100 na jan nauyin duniya ba. A tashar ma'aikatar sufuri da sadarwa kuwa, 'yan kilomitoci daga nan a kan tsohon tafki, fizgar ta kai wajen kashi 17 cikin 100, kusan ninki biyar, kuma ta zo ne a tsare kamar lilo, zagaye ɗaya kowane sakan biyu. Ɗaruruwan gine-gine suka rushe, dubban mutane suka mutu.

Sakan biyun nan ba tsautsayi ba ne, ana iya fitar da shi da alƙalami. Shimfiɗar ƙasa mai laushi tana da lokacin rawarta, wanda ake samu idan an ninka kaurinta sau huɗu aka raba da saurin da igiyar gocewa ke tafiya a cikinta. A wurin tashar, lakar ta kusa mita 40, igiyar kuma tana tafiya da wajen mita 75 a sakan, saurin da bai kai rubu'in na sauti a iska ba. Lissafin yana ba da sakan biyu. Girgizar da ta taso daga nesa ta zo da ƙarfi mai yawa daidai wannan lokaci, sai laka ta karɓe shi ta yi ta ƙarawa, kamar yaron da ake tura wa lilo daidai lokacin da ya dawo. Benaye masu hawa shida zuwa sha biyar ne suka fi shan wahala, domin da suka fara tsattsagewa sai suka yi laushi, lokacin rawarsu ya tsawaita ya doshi na ƙasar. Hasumiyar Latinoamericana mai hawa 44, wadda aka kammala a 1956 bisa harsashin da Leonardo Zeevaert ya tsara, ta tsaya lafiya, kamar yadda ta tsaya a girgizar 1957.

Abin da ya girgiza masana shi ne, bisa jadawalan 1970, bai kamata laka mai laushi haka ta ninka girgiza har wannan matsayi ba. An zaci za ta saki jiki da wuri ta shanye ƙarfin. Lakar Meziko kuwa ta riƙe kusan dukan taurinta har karkata ta kai wajen kashi 0.1 cikin 100, ba ta kuma shanye komai sosai ba. Daga wannan ne Mladen Vucetic da Ricardo Dobry suka tattara gwaje-gwajen ƙasashe da dama suka nuna a 1991 cewa halin ƙasa a kai-komo yana bin danƙonta. Ma'aunin danƙon tsoho ne, Albert Atterberg ɗan Suwidin ya ƙirƙiro shi a 1911, Casagrande kuma ya daidaita shi: tazarar da ke tsakanin yawan ruwan da laka ke fara mulmuluwa a hannu da wanda take fara gudana. Duk maginin tukwane yana yin irin wannan awo da yatsunsa. Yadda danƙo ya yi yawa, haka ƙasa ke jinkirin sakin taurinta.

Danƙon nan kuwa shi ne ya fi yanke yadda ƙasa ke jin sauri. Ƙwayoyin yashi duwatsu ne ƙanana masu gogar juna, kuma gogayya ba ta cika damuwa da agogo ba. Ƙwayoyin laka faifai ne sirara ƙwarai, kowanne lulluɓe da ruwan da ya manne masa, kuma kafin su goce a kan juna sai wannan ruwa da haɗin da ke tsakaninsu sun ba da hanya, abin da ke buƙatar lokaci. In ka hanzarta su, sai su turje.

Abin da awo ya nuna

Vucetic, wanda ya koma Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, ya ci gaba da bin wannan sawu. Na'urar gocewa da aka saba amfani da ita, wadda Laurits Bjerrum da Arvid Landva suka kyautata a Norwe a 1966, ba ta iya ganin ƙaramar karkata saboda lanƙwasar jikinta. Sai shi da ɗalibansa suka ƙera mai samfuri biyu da ake turawa lokaci guda, wadda ke kawar da yawancin wannan kuskure. Gwaje-gwajen da suka wallafa a 2003 sun tabbatar da tsarin: yashi mai tsabta kusan bai san sauri ba, yashi mai gauraye da laka yana ɗan ji, laka mai danƙo kuwa taurinta yana hawa a bayyane duk lokacin da aka ninka sauri sau goma. Adadin da ya fi yawo a fannin shi ne wajen kashi 10 cikin 100 na ƙarin ƙarfi a kowane ninki goma na sauri, ga tauri kuma wajen rabin haka. Paul Vardanega da Malcolm Bolton na Jami'ar Kambirij, da suka haɗa bayanan laka iri-iri a 2013, sun yi amfani da kashi 5 cikin 100 don daidaita gwajin sauri da na hankali.

Akwai wani tarko a nan da ya daɗe a ɓoye. Idan ana kaɗa samfuri sau ɗaya a sakan, aka ƙara girman karkata ninki dubu ba tare da an canja yawan zagayen ba, to dole ƙasar ta yi tafiya ninki dubu a lokaci iri ɗaya, wato saurinta ma ya ninka dubu. Saboda haka kowane jadawalin raguwar tauri da aka zana ta wannan hanya ya haɗa abubuwa biyu masu jan juna: girman karkata yana rage tauri, saurin da ya biyo shi yana ɗan mayar da wani abu. Jadawalin laka da aka samo daga ginshiƙi mai kaɗawa yakan nuna ta fi yadda za ta kasance a ƙarƙashin ginin da ke nutsewa cikin shekaru. Shanye girgiza ma yana da nasa hali. Gwajin Satoru Shibuya da abokansa a Japan a shekarun 1990 ya nuna cewa a laka yana ƙaruwa in an yi kaɗawa a hankali ƙwarai, yana kuma ƙaruwa in an wuce sau goma a sakan, amma a tsakani, inda girgizar ƙasa take, kusan a kwance yake. Wannan ya wanke tsohon zaɓin su Seed fiye da yadda masu sukarsa suka so.

Shin kashi 5 cikin 100 abin damuwa ne? Saurin igiya yana bin tushen murabba'in tauri, don haka kuskuren kashi 10 a tauri yana zama wajen kashi 5 a lokacin rawar ƙasa. Ga mai tsara bene a garin girgiza, wanda bai san daga ina girgiza ta gaba za ta taso ba, wannan ƙaramin abu ne a cikin manyan rashin tabbas. Amma tazarar da ke tsakanin na'ura mai kaɗawa sau ɗari a sakan da igiyar teku mai zuwa sau ɗaya a sakan goma ninki dubu ce, wato ninki goma har sau uku, kuma a laka mai danƙo wannan yana iya kaiwa kashi 15 ko fiye. Injiniyoyin Norwe sun fara fuskantar lamarin tun da aka zaunar da katafaren tankin siminti na Ekofisk a gindin Tekun Arewa a 1973, inda guguwa ke dukansa sa'o'i da kwanaki, tsawon da ya isa ruwan cikin yashi ya fara ficewa tun ana cikin dukan. Yau kuma ga injunan samar da lantarki da iska da ake kafawa a teku bisa bututun ƙarfe guda. Dole lokacin rawar hasumiyarsu ya faɗa cikin ƙaramar tazara tsakanin saurin juyin farfela da saurin wucewar fukafukanta uku, kuma taurin ƙasar da ke riƙe da bututun yana cikin abubuwan da ke yanke inda zai faɗa.

Jirgin ƙasa ma ya shigo labarin ta wata ƙofa. A 1997, da aka fara gudun jirgin X2000 da kilomita 200 a sa'a a Ledsgård, kudu da Gotenbag a Suwidin, sai layin dogo ya riƙa lotsawa da tashi fiye da kima. A ƙarƙashinsa akwai laka mai ruɓaɓɓen tsiro wadda igiyar gocewa ke ratsawa da wajen mita 40 a sakan, jirgin kuwa yana yin kusan mita 55. Ya zama yana gudu daidai da igiyoyin da shi kansa ke tayarwa a ƙasa, suna taruwa a ƙarƙashinsa maimakon su tsere masa. Aka rage masa gudu, sannan a 2000 aka cusa ginshiƙan farar ƙasa da siminti cikin lakar don ƙara mata tauri.

A birnin Meziko kuwa agogon yana tafiya ta ɗaya ɓangaren. Ruwan da ake zuƙowa daga rijiyoyin burtsatse yana matse lakar tsohon tafki shekara bayan shekara, wasu unguwanni suna nutsewa da santimita gomomi a shekara, shimfiɗar tana sirancewa tana ƙara tauri. Lokacin rawarta yana gajarta a hankali, ta yadda taswirar haɗarin da aka zana bayan 1985 take tsufa tun tana rataye a bango. Ranar 19 ga Satumba 2017, shekaru 32 cif bayan waccan, wata girgiza ta taso daga wuri mafi kusa da birnin, da kaɗawa mafi sauri. Wannan karon ɓarnar ta fi yawa a gefen yammacin tsohon tafkin, inda lakar ba ta da kauri, kuma benayen da suka fi rushewa ba su kai tsawon na 1985 ba.